Wa Ke Shan Man Motar Lauwali?

A layin mai na Talatar makon jiya, tsakanin hantsi da azahar, na ji an yi wa Jibril direba shari'a har sau uku, duk ukun kuma an same shi da laifi, shi kuwa yana gida bai ma san ana zaman ba.

Ni ba mota gare ni ba, galan ɗin kananzir ne ya kai ni. Amma a Illela ta bana layin ɗaya ne ya rabu biyu, masu fetur a dama, masu kananzir a hagu, allon da aka rubuta "babu" yana tsakiya yana raba mu faɗa. Mai shayin tasha ma ya kwaso teburinsa ya dawo nan, tunda nan ne gari yake wuni. Shi ya buɗe zaman. Ya ce ai ya daɗe da ganin take-taken Jibril. "Mutum ba ya hira, ba ya gardama, kullum sai murmushi. Mi yaka ɓoyo?" Na gyara zaman hulata, don ni ma haka Allah ya yi ni. Wani mai babur ya karɓe, ya ce shi da idonsa, wato idon ƙanen matarsa, ya ga Jibril da jarka biyu bisa jaki ya bi ta daji ya nufi Ƙwanni, ƙetaren iyaka. Da aka tambaye shi wace rana, ya ce ranar ba ita ce abin dubawa ba. Sai tsohuwar da ke dama mana fura ta ce ita tun yana goye ta san shi, bai taɓa ɗaukar ko tsinken wani ba, akuyarta ma da ta ɓace shi ya bi sawunta har Araba ya dawo da ita. Ta juya ludayi, ta ce, "Amma zamani na, ɗiyana. Yanzu mai ya hi mutunci tsada."

Ban ce komai ba. Ba na cewa. Ina da shekara arba'in da uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, kafin nan ɗinkin buhun albasa nake yi a kasuwa, aikin da baki ba shi da rabo a ciki. Kunnena ya riga idona shiga makaranta da shekara arba'in, shi ya sa har yau da shi nake karatu, alƙalami yana biye yana ɗingishi.

Ga wanda bai san gidan ba, Jibril ƙanen Lauwali ne, uwa ɗaya uba ɗaya, maƙwabtana ne, katangarmu ɗaya. Lauwali tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara ashirin da biyar a hanyar Sakkwato kafin baya ya ce ya gaji. Shi ke da akori-kurar, Jibril ke tuƙa ta, yana kwaso albasa da gero daga Tozai da Gidan Katta zuwa kasuwar Lahadi. Tun rasuwar mahaifinsu ba su raba komai ba. Rumbu ɗaya, akushi ɗaya, ƙofa ɗaya, ga matansu ga 'ya'yansu, ga tsohuwarsu Inna Kaltume a ɗakin tsakiya.

Bayan ƙaramar salla motar ta fara shan mai kamar an huda ta. Tankin da kan yi zuwa Tozai sau uku ya koma da ƙyar yake yin biyu, ga baƙin hayaƙi, ga tari in an tsaya. Lauwali ya kwanta a ƙarƙashinta ya duba, ba ɗigo ko ɗaya. To, a garin da kowa ya san tankar mai kan shigo da rana tsaka ta wuce gidan mai kamar ba su taɓa gaisawa ba, idan mai ya ɓace ba sai an nemo amsa ba, da kanta take zuwa. Lauwali ya tare ƙanensa a tasha, gaban direbobi da 'yan kamasho, ya ce, "In sana'ar jarka kaka so, hwaɗa min in sai ma jaki." Jibril ya zaro makulli daga aljihu ya aza bisa bonet, ya taka da ƙafa har gida. Washegari ya fara kwaɓa ƙasa. Tubali yake yi, zai ja katanga ta raba gidan biyu. Ranar da nake layin nan an jera sahu shida suna shan rana a ƙofar gida, kuma duk wanda ya auna da ido ya san katangar a kan ɗakin Inna za ta bi. Ba wanda ya san ɓangaren da ƙofarta za ta faɗa.

Lauwali ya karɓi tuƙi da kansa, ya sa wa murfin tanki kwado. Mai ya ci gaba da ɓacewa. Wani zai ce a nan magana ta ƙare. Lauwali ya ce ashe abin ya kai ga yanka makulli, ya ƙara kwado na biyu.

Kafin in ci gaba sai na gabatar da motar, don ita ma tana da asali, ba 'yar kowa ba ce. Shekara uku da suka wuce aka tara mu a fili, aka ce mu zo da tsabta. Ranka-ya-daɗe Mai Almakashi ya iso bayan azahar a taron da aka kira na hantsi, ya yanka zare, aka yaye tamfol, sai ga akori-kura goma sha biyu, kore shar, kowace da lambarta a ƙofa. Aka ce daga yau albasar talaka ba za ta ƙara ruɓewa a gona ba. Aka ce irin waɗannan motoci ko a ƙasar da aka ƙera su ba kowa ya fara hawa ba. Wannan kam gaskiya aka faɗa mana, Allah ya saka, don daga baya muka gane ko bakaniken da ya taɓa leƙa cikin irinsu babu daga nan har Sakkwato. An yi mana alkawarin gareji, aka kuma cika rabin alkawarin, wato allon. Yana nan har yau, ya fi na makarantarmu kyau. An tura mutum ɗaya ƙasar waje ya koyo gyaransu wata tara, da ya dawo aka ga ilmin ya yi yawa a bar shi cikin baƙin mai, aka ba shi tebur da fanka.

Cikin shekara ɗaya da rabi duk suka kwanta, ban da lamba huɗu, wadda ta tsira saboda an manta da makullinta a aljihun wani da aka yi wa canjin wurin aiki. Ita aka yi gwanjonta, Lauwali ya sayar da shanun nomansa ya ɗauka. Ranar har rawa ya kusa yi.

Ranar Lahadi, kasuwa ta cika, motar ta mutu a tsakiyar layin 'yan tumaki. Nan Allah ya kawo Mukhtari, bakanike daga Ƙwanni da ya taɓa aiki da wasu Turawa masu haƙar rijiya, ya shigo sayen rago. Ina wurin, na zo duba tsofaffin abokan ɗinki. Mukhtari ya ce a tayar. Ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya sunsuna, ya goge a wando.

"Wa ac ce ma sace mata mai aka yi?"

"Ni nic ce," in ji Lauwali.

"To sha taka yi. Da bakinta."

Ya yi mana bayani, ni kuwa na buɗe kunne. Wannan mota ba ta da kafireto irin wanda muka sani, wanda ake kwancewa a wanke da fetur a hura da baki. Wani ɗan akwati gare ta tsakanin matatar iska da inji, girmansa bai wuce gwangwanin madara biyu ba. Aikinsa ya auna iskar da ke shiga ya gaya wa inji yawan man da zai sha. In ma'aunin ya lalace sai ya riƙa kai rahoton ƙarya, inji kuma ba ya bincike, abin da aka kawo masa a rubuce shi yake sa wa hannu. Na ce a raina, ashe motar ba ta manta gidan da ta fito ba.

Mukhtari ya ce gyaran ba ya buƙatar bakanike. Ƙusa huɗu ne da waya ɗaya, a cire kan batir tukuna, kada a sa yatsa a cikin sabon, a kuma canza takardar matatar. Abin da ya rage shi ne a samo kayan. Lauwali ya ce sauran goma sha ɗayan suna nan a yadin shirin hukumar da ya kawo su, ai a roƙa a cire masa akwatin ɗaya daga ciki. Ya juyo gare ni. "Malam Yari, kai ad da boko."

Na rubuta takarda da hannuna mafi kyau, na sa "Ranka ya daɗe" sau huɗu don kada a ce ƙauye ya yi mana yawa. Litinin muka kai. Akawun da muka tarar, bari in kira shi Malam Sai-Gobe, ya karɓe mu da fara'a, ya yaba rubutuna, ya ce Babban Mai Sa Hannu ya tafi taro. Talata ya ce taron ya haifi wani taron, a kan yadda za a rage yawan tarurruka. Laraba ya tausaya mana ya faɗa mana gaskiya. Ba a cire ko noti daga motar hukuma sai kwamiti ya zo ya tabbatar ta mutu.

"Yaushe kwamitin zai zo?" in ji Lauwali.

"Da zarar sun samu mota."

"To kayan gyaran da anka ce an sayo tare da su hwa?"

"Suna bisa ruwa."

"Shekara ukku?"

"Teku na da faɗi, Alhaji."

Da za mu fita na leƙa ta wayar shingen yadin. Ga su nan a jere, goma sha ɗaya, bisa duwatsu, kamar masu jiran liman. Bonet ɗin lamba tara a ɗage yake, inda inji yake a da wata kaza ta yi kwanci. Na yi farin ciki ƙwarai. An ce shirin zai taimaki noma da kiwo, ga shi ido ya gani, ɓangaren kiwo yana tafiya.

Alhamis muka tsallaka Ƙwanni. Mukhtari ya kai mu wata rumfa bayan masu tayoyi, mai rumfar ya shiga ciki ya fito da kwali sabo fil, ma'aunin iska da takardar matata, har da 'yar takardar bayani a naɗe. Ya rantse daga Lome aka kawo shi shekaranjiya. Na juya kwalin. A gefe ga hatimin shirinmu, kore shar, ƙarƙashinsa an buga da Hausa mai kyau wadda ko ɗan aji ɗaya na yaƙi da jahilci zai karanta: "Ba na sayarwa ba ne." Ashe jirgin ya iso tuntuni. A Ƙwanni ya yi tasha, garin da ko kwale-kwale ban taɓa gani ba. A nan ya kamata a jinjina wa manyanmu. Mu talakawa in za mu tsallaka iyaka sai mun yi bayanin kakanninmu, amma kayan hukuma sun ƙware, su kaɗai suke tafiya ba rakiya. Lauwali ya biya da sefa, muka dawo wa ƙasarmu da kayanta muna ɗar-ɗar kamar mu muka fitar da su.

A hanya na ce bari in gwada. Na ce, "Lauwali, in Mukhtari ya yi gaskiya, to Jibril..."

"In ta sha, wani ya koya mata sha," ya ce. "Wa ka tuƙa ta?"

Na mayar da bakina inda na saba ajiye shi.

Asabar da hantsi aka tura motar gindin itacen dogon yaron da ke ƙofar gida. Ba a gayyaci kowa ba, saboda haka kowa ya zo. Mai shayi ya bar layin mai ya taho da bencinsa, mai babur ya zo da idon ƙanen matarsa. Taku goma daga nan Jibril yana durƙushe yana juya tubalinsa don ɗaya gefen ya bushe, bayansa yana kallonmu. An riga an ja igiya a tsakar gida, Litinin magini zai fara.

Lauwali ya ɗaga bonet, abin da bai taɓa barin wani ya yi ba, ko Jibril da ke tuƙi. Ya yi bisimilla ya cire kan batir. Ya sassauta ɗaurin tiyo na gaba da na baya, ya zare wayar a hankali kamar mai cire ƙaya. Ƙusa uku suka fito lafiya. Ta huɗu ta kuɓuce ta faɗa cikin rairayi, aiki ya tsaya cak. Manya shida muka durƙusa muna tonon ƙasa da yatsu, kowa yana ba da shawara, har Inna Kaltume ta leƙo daga zaure ta ga abin da ake ciki, ta koma ta dawo da rariyar garinta. A tankaɗe na uku ƙusa ta fito. Inna ba ta koma ciki ba, ta jawo turmi ta kife ta zauna.

Da tsohon akwatin ya fito, Lauwali ya karkata shi, sai wani baƙin abu mai kauri ya zubo masa a tafi. Cikinsa ya yi dumu-dumu, baƙin mai ya haɗu da ƙaiƙayi da ɓawon albasa sun zama kamar kwalta.

"Asiri na," in ji mai babur.

"Asirin da ka warin gareji?" in ji mai shayi.

Lauwali ya ajiye shi gefe ya ɗauko sabon. Akwai 'yar kibiya a jikinsa. Ya ce tunda mota gaba take tafiya, kibiya gaba za ta kalla, ya fara cusa shi a haka. Daga can wajen tubali, ba tare da an waiwayo ba, wata murya ta gaya wa ƙasa, "Iska dai ciki taka shiga."

Kwana goma sha tara ke nan ba a ji muryar Jibril kusa da wansa ba.

"Malam Yari," in ji Lauwali, "ce ma mai tubali ban tambaye shi ba."

Ban ce ba. Shi kuma ya zare akwatin ya juya kibiyar ta kalli inji, yana ƙunƙuni cewa dama gwadawa yake yi.

Aka ɗaure ƙusa huɗu, aka mayar da waya. Saura matata. Ya buɗe murfinta ya zaro tsohuwar takardar, baƙa ƙirin, jiƙe sharkaf tana ɗiga. Ya jefar, ya zura sabuwar, fara tas. Ni a lokacin ina fama da takardar bayanin. Faransanci ne a gaba, a baya wani harshe da ko baƙaƙensa ban taɓa gani ba. Shekara uku ina zama bisa tabarma bayan la'asar ina koyon a da ba, matan unguwa suna dariya ta kan katanga, yau ga ranar amfani ta zo, aka kawo mini takardar da ba ta san ni ba. Abin da na iya karantawa ɗaya ne, shi ma akuya za ta iya. Zane ne a ƙasan shafi: ga matata, ga gwangwanin mai a samanta yana ɗiga, an ja masa gicciye babba.

Na ɗaga kai. Lauwali yana riƙe da gwangwani cike da baƙin mai, ya karkata shi bisa sabuwar takardar.

Na daɗe a duniya ina barin mutane su gama abin da suka fara. Wanda ya yi ƙarya a gabana nakan bar shi ya kai aya. Amma na ga in man nan ya zuba, sabon ma'aunin zai bi tsohon, mota ta ci gaba da sha, a ƙara kwado na uku, Litinin magini ya aza tubalin farko. Na kama wuyan hannunsa.

"Lauwali, dakata."

Kowa ya juyo. Ina jin rabinsu ba su san haka muryata take ba.

"Mi na, Malam Yari?"

Na miƙa masa zanen. Ya duba, ya nisanta shi da ido, ya matso da shi.

"Wanga zanen yara na. Matata ba mai? Ubangidana da ya koya min mota, Allah shi jiƙan shi, marina ya yi ranar da nim mance ban zuba ba. Shekara ashirin da biyar ina zuba ma babbar mota, ko tari ba ta taɓa yi ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma duk tsohon direban da ke wurin ya gyaɗa kai. Manyan motocin da, matatarsu tasa ce, ana zuba mata mai don ya kama datti, wanda bai zuba ba shi ne sakarai. Na ce masa waccan da tasa take tace iska, wannan da takarda. In ka jiƙa takarda da mai, inji zai zuƙe shi, kuma abu na farko da zai tarar a hanya shi ne ma'aunin. Na nuna masa abin da ke tafinsa. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan ba tun ranar ɗaurin aurena.

Jibril ya miƙe, ya juyo, hannunsa duk laka. Wannan karon ba ƙasa ya yi wa magana ba.

"Yaya, tun yaushe kaka zuba mata?"

"Kowace Juma'a da sahe, kana gona."

"Tun yaushe?"

"Tun da nib buɗe ta karon hwarko nig gan ta ƙeƙashe. Har tsine ma masu ƙirar niy yi, su saida ma mutane mota ba mai a matata." Ya tsaya. Sauran maganar ta fito a hankali, kamar wani ne ke jawo ta. "Bayan ƙaramar salla."

Mai shayi ya fara goge bencinsa, wanda ba abin da ya zuba a kai. Mai babur ya tuna yana da saƙo.

Lauwali ya ajiye gwangwanin a ƙasa, ya rufe matatar a bushe, ya mayar da kan batir. Bai kalli kowa ba. Ya ce zane ba hujja ba ne, sai an gwada. Ya buɗe kwadunan nan biyu, ya zura karan dawa cikin tanki, ya zaro, ya yi alama da wuƙa inda mai ya tsaya, ya ba Inna ta riƙe. Ya murza makulli. Motar ta tashi a bugu ɗaya, ta yi kaki sau biyu, ta tofar da sauran baƙin da ke maƙogwaronta, sannan ta daidaita murya. Ya ce in shigo in zama shaida.

Muka je Araba muka dawo. Sau uku yana leƙa madubi yana neman hayaƙi, kamar mai neman ɗan'uwa a tasha. Babu.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin ƙofofin da suke buɗe gare shi, don na daɗe ina sauraron rediyo, na san su duka. Yana iya cewa an samu ɗan tsaiko. Yana iya cewa wasu ɓata-gari ne suka shigo daga waje suka zuba man. Yana iya ɗora laifin a kan ubangidansa, wanda ya rasu, ba zai musa ba. Yana iya naɗa ni da mai shayi kwamiti mu kawo rahoto bayan damina. Motoci goma sha ɗaya suna kwance bisa duwatsu, jirgi ya yi tasha a Ƙwanni, tanka tana wuce mu kullum, ban taɓa jin wani Ranka-ya-daɗe ya tsaya gaban makirfo ya ce "ni ne" ba. Ina jin tun ranar rantsarwa ake karɓe kalmar a ajiye musu, sai sun sauka a mayar, in ba ta ɓace a sito ba. Lauwali kuwa, sa'arsa ko rashinta, ba a taɓa rantsar da shi ba.

Muka tsaya gindin dogon yaro. Mutane sun ƙaru, labari ya riga mu dawowa. Bai kashe motar ba. Ya karɓi karan daga hannun Inna, ya zura, ya zaro. Tsakanin alamar wuƙa da inda mai ya jiƙa, da ƙyar yatsa ɗaya zai kwanta. A makon jiya wannan tafiya tafin hannu guda take ci. Ya ɗaga karan, kowa ya gani, har Jibril da ke tsaye a bakin zaure.

Lauwali ya koma ya zauna a kujerar direba, ƙafa ɗaya a ƙasa ɗaya bisa totur. Ya taka, injin ya yi ruri, a cikin rurin na ga leɓensa ya motsa. Ni da ke kusa na tsinci wani abu mai kama da "sai haƙuri," irin wanda ake ce wa wanda aka taka a kasuwa. Ya sake takawa, ya gyaɗa kai, alamar an gama.

Inna Kaltume ta tashi daga kan turmi. Ta taho da sandarta a hankali har ƙofar mota.

"Lauwali."

"Na'am, Inna."

"Ranar da kac ce mai ɓarawo a tasha, mota na kunne?"

"A'a, Inna."

"To kashe ta."

Ya murza makulli. Shirun da ya sauka har kukan kurciya muka ji daga bisa itace. Ya fito, ya cire hula, ya goge fuska da ita, baƙin man tafinsa ya shafe masa goshi, ba wanda ya yi dariya. Ya taka har inda tubalin yake, ya tsaya gaban ƙanensa. Sau biyu yana buɗe baki. A na uku muryar ta fito, irin wadda yake kiran fasinja da ita a da, wadda ake ji daga wancan ƙarshen tasha.

"Jibril, ni ad da laihi. Ni na ɓata mota da hannuna, kuma ni na ɓata ma suna da bakina. Ko ɗigo ba ka ɗauka ba. Ƙazahi niy yi ma gaban mutane, gaban mutane nika roƙonka. Don Allah, ƙanena, ka yahe min."